Jan Cokali a Wuyan Umma

Dokar ta shigo gidan ne a aljihun maigida, tare da wani jan cokali na roba da aka huda wa gindi aka zura masa igiyar takalmi. Bayan an gama cin abinci ya tara iyalinsa a falo, ya ɗaga cokalin sama kamar wanda ya ciyo kyauta, ya ce daga yau ba a ƙara yin Hausa a gidan nan, sai Turanci. Duk wanda aka kama, a rataya masa cokali a wuya, ba zai cire ba sai ya kama wani. Wanda kuwa maigida ya dawo daga aiki ya tarar da shi a wuyansa, shi ne zai tsaya a tsakiyar falo ya yi darasin ranar a gaban kowa.

"Haka ake yi a makarantun da suka san abin da suke yi," in ji shi. "Na gani da idona, na kuma ga amfaninsa."

Yaya, babbar 'yarsa, ta hau tafi. Gajere, mai bi mata, tuni ya fara leƙen bakin kowa. Umma tana gefen kujera da Auta a cinya tana goge masa baki, har dariya ta yi, don ta san ɗokin mijinta. Ya taɓa kafa dokar gudun safe, ya taɓa hana shan sukari, duka sun mutu da kansu ba tare da kowa ya yi musu jana'iza ba.

"Abbansu, har da ni?" ta tambaya.

"Ke ce ma a kan gaba. A bakin uwa yaro yake ɗaukar magana."

"Ai ka san iyakar Turancina. Gaisuwa ce da ƙirge."

"Shi ya sa na sayo littafi." Ya miƙe ya rataya mata cokalin da hannunsa. "Kin ga ma kin fara. Tun da na gama bayani ke kaɗai kika yi Hausa."

Yara suka kwashe da dariya, ita ma ta taya su. Ba ta san cewa wannan ce dariyar ƙarshe da za a yi tare da ita ba, sauran duk a kanta za a yi su.

Littafin nahawun Turanci ne, mai kauri, cike da jimloli masu giɓi da ake so a cike. Umma ba ta yi nisa a boko ba, amma ba daƙiƙiya ba ce. Takan jingina littafin da gwangwanin gishiri tana yanka albasa tana haddacewa. Ta gane cewa kalma tana sauya kama idan abin jiya aka yi shi, ta haddace yadda take sauyawa, sai kuma ta juya shafi ta tarar da wata runduna ta kalmomi masu taurin kai da ba sa bin wannan ƙa'ida, kowace da nata halin. Ta tambayi maigida dalili, ya ce ba a tambayar dalili, haddacewa ake yi. Shi ma bai sani ba ne, amma ba zai faɗa ba.

Kafin dokar, ba a zama da Umma a yi shiru. Mace ce mai bakin zance. Tana yi wa tukunya faɗa idan ta ƙi tafasa, tana tsokanar Gajere da cewa tun bara take jira ya kai tsayin tebur, tana yi wa Auta hira tun daga wanka har barci, tana ba kanta amsa a madadinsa. Irin wannan baki ba a rufe shi rana ɗaya, don haka kama ta bai yi wuya ba. Gajere ya ƙware. Idan cokali ya faɗo kansa, sai ya ture kofin ruwa da gangan, ita kuma kafin ta ankara ta ce, "Kai, Gajere, wane irin aiki ne wannan?" Sai ya cire daga wuyansa ya miƙa mata yana washe haƙora.

Akwai kuma abin da yaran ba su taɓa lura da shi ba. Idan la'asar ta yi sanyi, lokacin dawowar ubansu ya gabato, ta ga cokali a wuyan ɗayansu yana zazzare ido, sai ta yi wata magana da Hausa da ƙarfi yadda zai ji. Ta gwammace ita ta tsaya a falo da ta ga ɗanta yana rawar murya a gaban ubansa. Su kuwa abin da suka fahimta shi ne uwarsu ba ta da ƙwaƙwalwa.

Kullum da yamma haka ake yi. Maigida ya miƙe ƙafa a doguwar kujera da littafi a hannu, ya karanto jimla, ita kuma tana tsaye, hannunta na ƙamshin girki, ta mayar da ita ta jiya, ta mayar da ita ta gobe, ta mayar da ita tambaya. Da ta yi tuntuɓe sai hannuwa biyu su tashi sama. Wanda ya riga kama kuskuren shi ke samun yabo.

"Ba wulaƙanci ba ne," maigida yakan ce mata a ɗaki, inda shi kansa yake sakin jiki ya yi Hausarsa son ransa. "Ɗaga ki nake so in yi. Kin san abin da na gani a wajen aiki? Yaron da na koya wa aiki da hannuna aka ɗora a kaina, don kawai bakinsa ya fi nawa santsi. Ba zan bari a yi wa 'ya'yana haka ba."

"To a bar ni in koya a ɗaki mana, ba a gabansu ba."

"Kunya ce ke sa mutum ya dage."

An sauya mata suna ma. Umma ta zama Momi, shi ya zama Dadi. Wata rana Gajere ya ji ta bayan salla tana roƙon Allah da Hausa, ya garzaya ya tambayi ubansa ko addu'a ma tana cikin lissafi. Maigida ya shafa gemu, ya yanke hukunci cewa addu'a ba laifi, amma a riƙa yin ta a zuci.

Duk wannan da sauƙi, da a kanta kaɗai ya tsaya. Abin da ya rage mata shi ne safiya. Idan yara sun tafi makaranta, maigida ya fita, sai ta rufe ƙofa ta dawo Ummarta. Ta ɗora Auta a kan tabarma, ta zuba masa duk zancen da ta tara tun jiya. A lokacin bakinsa ya fara buɗewa. Yana cewa "zo", yana cewa "ba ni", yana kiran ruwa da rabin sunansa. Ba abin da ke faranta mata rai a duniya kamar wannan 'yar siririyar muryar.

Muryar ce kuwa ta tona mata asiri. Wata yamma maigida yana shan shayi, Auta ya dafa gwiwarsa ya miƙa hannu ya ce, "Ba ni."

Maigida ya ajiye kofi a hankali. "A ina ya ji wannan?"

Ya juyo ya dubi Umma.

"Wato idan na juya baya sai ki warware abin da na ɗinka. Wannan yaron shi ne ma na fi sa wa rai. Kunnensa sabo ne, ba a zuba masa komai ba, ke kuma kina cika shi da abin da sai an zo an kankare."

Ya yi faɗa ranar har jijiyar wuyansa ta tashi. Auta bai taɓa jin irin wannan tsawar ba, ya tsala ihu ya ƙanƙame ƙafar uwarsa. Bayan kwana kaɗan ya sake cewa "zo", aka sake yin irin wannan faɗan, ya sake kuka har ya yi amai. Umma ta ga cewa duk kalmar da ta saka a bakin ɗanta da safe, da yamma za ta dawo ta zama masa abin firgita. Sai ta ce to bari ta gwada yi masa ɗan Turancin da ta iya. Nan ma aka tare ta.

"Kada ki koya masa gurɓatacce," in ji maigida. "Gara ya ji daidai ko kada ya ji. Ki bari sai bakinki ya gyaru."

Ya kawo wata tsohuwar waya ya cika ta da waƙoƙin yara na Turanci, ya ce a riƙa kunna wa Auta, can zai ji Turancin asali. Aka rufe wa Umma ƙofar gaba, aka rufe ta baya, aka kuma ce mata taimakonta ake yi.

Daga nan safiyar gidan ta zama ta wayar. Umma tana yi wa ɗanta wanka shiru, ta shafa masa mai shiru, ta ba shi abinci shiru. Magana takan taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye. Idan tana so ya zo sai ta yafito shi da hannu, idan yana son ruwa sai ya ja zanenta ya nuna. Suka koma kamar baƙi biyu da suka haɗu a tasha, kowa da yarensa. 'Yan kalmomin da ya fara suka bushe ɗaya bayan ɗaya, Turancin wayar kuma bai tsiro ba. Yakan zauna ya ƙura wa hotuna ido, bakinsa a sake, miyau na zuba.

Abin ya dame ta har ta rame. Ta fita bayan gida, inda aka yarda ta amsa waya da Hausa, ta kira mahaifiyarta tana magana ƙasa-ƙasa.

"Inna, yaron nan ya daina magana."

"Wasu yaran haka suke, nauyin baki ne. Zai yi."

"Ba nauyin baki ba ne, Inna. Hana ni yi masa magana aka yi."

"To ke dukanki yake yi? Ya hana ki ci ko sutura?"

"A'a."

"Mijinki ya zauna yana koya miki karatu da kansa, kina kuka? Wasu nema suke yi. Ki yi haƙuri ki bi shi, gidansa ne."

Ta kashe wayar ta daɗe a tsaye tana kallon igiyar shanya. Ba ta ji haushin Inna ba. Ita kanta idan ta faɗi abin da baki sai ta ji bai yi nauyin da yake da shi a ƙirjinta ba. Cokali ne fa na roba, da littafi, da mutum mai son 'ya'yansa su yi gaba. Wa za ta kai wa ƙarar wannan?

Da Auta ya haura shekara biyu, sa'o'insa a layin suna surutu har ana cewa su yi shiru, ta kai shi asibiti awo. Ma'aikaciyar jinya ta auna shi, ta tambaya kalma nawa yake faɗa. Umma ta sunkuyar da kai ta ce babu ko ɗaya. Aka gwada kunnensa, lafiya lau. Aka duba harshensa, lafiya lau.

"Maman yaro, kina yi masa hira kuwa?"

Umma ta buɗe baki, sai hawaye suka riga magana fitowa. Matar ta miƙa mata ƙyalle, ba ta matsa mata da tambaya ba.

"Ki riƙa yi masa magana," ta ce. "Da kowane yare ne, ba ruwana. Amma daga bakin mutum, yana kallon fuskarki, ba daga waya ba. Kada ku bari lokaci ya ƙure."

Umma ta dawo gida da ƙarfin gwiwar da ta daɗe ba ta ji ba. Yanzu ba maganarta ba ce, maganar asibiti ce, kuma maigida yana girmama duk wanda ya sa farar riga. Ta jira ya ci ya ƙoshi, ta same shi a ɗaki ta faɗa masa komai. Ya saurara yana gyaɗa kai, har ta fara murna.

"Ta ce a riƙa yi masa magana ko?" ya ce.

"Haka ta ce."

"To wa ke wuni da shi?"

"Ni ce."

"Kin ga ke nan inda matsalar take. Da kin dage da littafin nan, da yanzu kina yi masa Turanci daga safe har yamma. Yaya ta iya, Gajere ya iya, ke kaɗai kika tsaya wuri ɗaya. Yanzu ga shi kin jawo wa yaro."

"Ta ce kowane yare, Abbansu."

"Ita aikinta allura. Ni na san abin da nake gina wa 'ya'yana."

Maganin da ya samo bai ɗauke shi mako ba. Yana da ƙanwa da ke koyarwa a makarantar ƙananan yara a wani gari mai nisa, wadda tun farko ta ce kada 'ya'yan yayanta su ce mata Gwaggo, Anti take so. A gidanta Turanci ake sha kamar ruwa. Aka shirya ta zo ta tafi da Auta, ya zauna a wajenta har bakinsa ya buɗe. Umma ba ta ji labarin ba sai da Anti ta iso da jakarta, aka zauna a falo, yara na kewaye da ita.

"Matar yaya, kada ki sa komai a ranki," in ji Anti, tana wasa da kumatun Auta. "Ai ɗana ne. Ni taimako zan yi. Da ba don zumunci ba, ina ni ina ƙara wa kaina aiki?"

"Har yaushe?" Umma ta tambaya.

"Sai yadda hali ya yi. Kin san in an dawo da shi da wuri, komawa zai yi gidan jiya."

Umma ta juya wajen mijinta. Ba ta taɓa roƙonsa a gaban mutane ba, amma ranar ta durƙusa.

"Abbansu, don girman Allah kada ka raba ni da yaron nan. Ka ba ni wata ɗaya kawai, ka bar ni in yi masa magana yadda na iya. In bai yi ba..."

"A falo muke," ya katse ta. "Yara na ji. Faɗe shi da Turanci."

Ta dube shi ko wasa yake yi. Ba wasa yake yi ba, yana so ne ƙanwarsa ta ga yadda ya tsara gidansa. Sai Umma ta tattaro abin da ta haddace a gaban murhu, ta fara haɗa jimla. Tana so ta ce ɗanta ne, bai taɓa kwana ba a jikinta ba, ba ya cin abinci sai a hannunta. Ba ta kai rabi ba hannun Yaya ya tashi sama.

"Dadi, Momi ta yi kuskure," yarinyar ta ce da Turancinta mai kyau, ta kuma gyara jimlar tsaf.

Anti ta yaba mata. Maigida ya yi murmushin jin daɗi. Yarinyar ba mugunta ta yi ba, abin da aka koya mata ta yi, ta kuma yi shi daidai. Umma ta miƙe daga durƙuson, ta shiga ta fara haɗa kayan Auta.

Washegari da safe ana ta loda jaka a mota, ta ce bari ta yi masa wanka. Ta shiga banɗaki da shi ta sa sakata. Ta zaunar da shi a baho, ta tsuguna har fuskarta ta yi daidai da tasa. Yanzu ba abin da ya rage da za a ƙwace mata, don haka ta saki bakinta.

"Autana, ɗan albarka. Ka ga wannan? Ruwa ne. Ce ruwa. Wannan hancinka ne, wannan kunne, ga ɗan cikin nan naka kamar tulu. Ni kuma Umma ce. Ummarka. Ko sun ce maka wani abu a can, ni ce na haife ka. Ce Umma, ɗan baba. Sau ɗaya kawai, in ji da kunnena."

Maganar ta yi ta zubowa, ta watanni, tana haɗuwa da kuka. Auta ya ƙura wa bakinta ido. Leɓensa ya ɗan motsa, ta tsaya cak tana jira. Sai ta ga idonsa ya tafi wajen ƙofa, ya dawo kanta cike da tsoro. Ya ɗaga ɗan jiƙaƙƙen hannunsa ya ɗora a kan bakinta, ya danne da iyakar ƙarfinsa.

Ta yi shiru. Da ya ga ta yi shiru sai jikinsa ya saki, ya koma wasa da kumfa.

Ta ɗauraye shi, ta sa masa kaya, ta miƙa shi ta tagar mota. Bai yi kuka ba, bai miƙo hannu ba. Anti ta ce ba ta taɓa ganin yaro mai hankali irinsa ba, ko ƙiriniya babu.

Maigida ya ce wa maƙwabta Auta ya tafi karatu, suka yi masa fatan alheri. A ƙarshen zangon karatu Yaya ta zo ta ɗaya a Turanci, Gajere ma ya taɓuka, uban ya yi ta ba da labarin dabararsa a wajen aiki, har wasu suka ce za su gwada a gidajensu. Ba wanda ya zage shi, don bai daki kowa ba, bai hana kowa ci ba, kuma duk wanda ya tambaye shi zai rantse cewa don 'ya'yansa ya yi, ba kuwa ƙarya yake yi ba. Umma kuskurenta ya ragu ƙwarai, don wanda ba ya magana ba ya kuskure.

Duk ranar hutu Anti takan kira, ta kara wa Auta waya a kunne ta ce ya gaishe da gida. Maigida ya yi masa Turanci, yara su yi masa Turanci, sannan a miƙa wa Umma, kowa ya zuba mata ido. Takan riƙe wayar da hannu biyu. Ta nan tana jin numfashinsa, ta can yana jin nata, har Anti ta gaji ta ce layin ne ba kyau, ta kashe.